Ina Kake Tsaye? Tarihin Umarnin da Ke Sauya wa Shirin Kwamfuta Mazauni

Idan ka tsaya a tashar motar Rano ka ce wa direba za ka Tudun Wada, ba zai tambaye ka wacce ba. Ya san Tudun Wadar Ɗankadai kake nufi, wadda ke can kudu. Faɗi wannan magana a Zariya, mai babur ya nufi wajen Kongo da kai. Faɗe ta a cikin Kano, mai adaidaita-sahu ya kama hanyar Birged. Kaduna na da tata Tudun Wadar, Jos ma haka. Kalmomin ɗaya ne a ko'ina, wurin da mai magana yake tsaye shi ke cike musu abin da suka rage. Wanda kuwa yake son kada a ɓata ko daga ina aka karanta takardarsa, tilas ya faro daga sama: Najeriya, Jihar Kano, Ƙaramar Hukumar Tudun Wada. Na farkon kwatance ne, na biyun cikakken adireshi.

Abin da ya tuna mini da wannan shi ne wata wahala da wani ƙanena ya sha kwanakin baya. Yana koyon rubuta shirin kwamfuta, sai ya yi wa wani malamin makaranta a Kibiya ɗan shiri da harshen Python domin haɗa makin ɗalibai. Aikin shirin bai taka kara ya karya ba: ya buɗe wani fayil mai suna maki.csv, ya tara, ya fitar da sakamako. A hannunsa yana aiki lami lafiya. Da suka tsara wa kwamfutar malamin ta riƙa tayar da shi da kanta kowace Juma'a, sai shirin ya kafe a kan cewa babu wannan fayil, alhali ga shi nan gefensa a folda ɗaya. Sun kwashe yammaci guda suna zargin ƙwayar cutar kwamfuta, suna zargin filash, har ɗaukewar wuta sai da ta sha zargi. Daga ƙarshe ta bayyana cewa Windows tana tayar da shirin ne yana tsaye a wata folda tata mai suna System32, shi kuma kwatance kawai aka ba shi. Ya je Zariya yana neman Tudun Wadar Ɗankadai. Layi ɗaya ya warware matsalar, os.chdir, wanda ma'anarsa ita ce: tashi ka koma can ka tsaya.

Kiran da ke bayan wannan layi ya girmi ƙanen nawa, ya girme ni, ya girmi Windows ɗin kanta.

Kafin a shiga tarihinsa, ya kamata a san abu ɗaya. Shirin kwamfuta ba ya taɓa faifan ajiya da hannunsa. A tsakiyar kowace babbar manhaja, Windows ce ko Linux ko Android, akwai wani sashe da masana ke kira kenel, wanda zan riƙa kira cibiya. Ita kaɗai ke da ikon karanta faifai, da raba ƙwaƙwalwa, da aika takarda zuwa firinta. Duk shirin da ke son ɗaya daga cikin waɗannan sai ya kai buƙatarsa gabanta ta wasu ƙofofi ƙididdigaggu, kowace da lambarta, kamar yadda talaka ba ya buɗe taskar fada da kansa. Wannan gabatar da buƙata shi ne kiran cibiya. Cibiyar tana riƙe da 'yar takarda a kan kowane shiri da ke gudana: wa ya tayar da shi, waɗanne fayiloli ya buɗe, kuma a wace folda yake tsaye. Wannan foldar ita ce mazauninsa. Duk sunan fayil da bai fara daga tushe ba, daga mazaunin ake fara nemansa. Kiran da ake ce wa chdir ba ya buɗe komai, ba ya goge komai, ba ya kwafar komai. Yana sauya wannan gurbi guda ne a takardar cibiya, shi ke nan.

A kwamfutocin farko tambayar "ina kake tsaye" ba ta ma taso ba, domin babu wurin zuwa. A tsarin CTSS da jami'ar MIT ta Amurka ta fara nunawa a 1961, kowane mai amfani yana da jerin fayilolinsa ne a shimfiɗe. Sai a 1965 Robert Daley da Peter Neumann suka gabatar da takarda a wani taro a Las Vegas, inda suka bayyana tsarin ajiya na Multics, babbar manhajar da MIT da General Electric da Bell Labs suke haɗa kai su gina. Shawararsu ita ce folda ta iya ɗaukar wata folda a cikinta, ita ma ta ɗauki wata, har abin ya zama bishiya mai tushe ɗaya da rassa barkatai. Tsari ne mai kyau, amma ya zo da harajinsa: adireshi ya yi tsawo. A lokacin kuwa da na'urar buga rubutu ake magana da kwamfuta, kuma wadda ta fi yaɗuwa, Teletype Model 33, haruffa 10 take bugawa a daƙiƙa. Ba wanda zai so ya riƙa jero sunan kakannin fayil duk sanda zai buɗe shi. Sai masu Multics suka ce kowane mai aiki ya zaɓi reshe ɗaya ya zauna a kai, ya riƙa kwatance daga nan. Mazauni maganin gajiyar yatsu ne tun asali.

Ranar da umarnin ya daina aiki

A 1969 Bell Labs ta janye daga Multics saboda aikin ya yi nauyi, ya ci kuɗi, ya ƙi ƙarewa. Wannan ya bar wasu ma'aikatanta a Murray Hill ta jihar New Jersey, ciki har da Ken Thompson da Dennis Ritchie, ba su da irin kwamfutar da suka saba da daɗinta. Thompson ya samo wata PDP-7 da ba a cika amfani da ita ba, mai ƙwaƙwalwar kalmomi 8,192 kacal. A damunar wannan shekara matarsa ta tafi Kalifoniya da jaririnsu ganin dangi, shi kuma ya ware mako guda-guda ga kowane babban sashe na abin da daga baya aka kira Unix. A nan gida ana tsakiyar yaƙin basasa, Jihar Kano kuma tana da shekara biyu da kafuwa a ƙarƙashin Audu Bako.

Abin da muka sani game da waɗannan watanni ya fi fitowa daga wata takarda da Ritchie ya gabatar a Sydney ta Ostireliya a 1979, aka sake buga ta a mujallar fasaha ta Bell Labs a 1984. A cewarsa, Unix na PDP-7 ba shi da cikakken adireshi ko kaɗan. Babu alamar / da ake jera sunaye da ita. Kowane suna kwatance ne daga inda kake tsaye. Akwai wata folda ta musamman mai suna dd, wadda ta ƙunshi hanyar shiga foldar kowane ma'aikaci, kamar dandalin tsakiyar gari da kowane lungu ke ɓullowa a cikinsa. Idan kana son zuwa foldar Ken, sai ka ba umarnin sunaye biyu, dd sannan ken, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Sunan umarnin a lokacin ch ne kawai, kuma Ritchie ya amsa cewa shi kansa bai tuna dalilin da ya sa suka tsawaita shi ya koma chdir ba da suka koma sabuwar kwamfuta.

A wannan tsari na farko shirye-shirye biyu ne kacal ke gudana, ɗaya ga kowace na'urar buga umarni. Shirin da ke karɓar umarnin mutum, wanda ake kira shel, idan aka ce ya gudanar da wani abu, sai ya ɗauko wancan shiri ya shimfiɗa a kan kansa, ya ɓace. Idan wancan ya gama, sai a sake ɗauko shel ɗin. Jiki ɗaya ne yake sauya riga. Saboda haka da ch ya sauya mazauni, shel ya dawo ya tarar da kansa a sabon wuri, domin takardar da cibiya ke riƙe da ita guda ce.

Sai suka ƙara wani kira mai suna fork, wanda Thompson ya san irinsa tun yana Berkeley. Aikinsa shi ne shiri ya rabu biyu, uwa da 'ya, 'yar ta gaji kwafin duk abin da uwar ke da shi, har da mazauni. Da wannan shel ya daina ɓacewa: sai ya haifi 'ya, ya ɗora mata aikin, ya zauna yana jiran ta gama. Layi 27 na harshen na'ura aikin ya ci, kuma a kansa aka gina ikon gudanar da ayyuka da yawa a lokaci guda. Suna cikin murna sai aka lura umarnin sauya mazauni ya daina aiki. Ka buga shi, ba ya ƙorafi, ba ya nuna kuskure, amma kana nan inda kake. Ritchie ya ce sun duƙufa karanta abin da suka rubuta, suna mamakin yadda fork zai lalata kiran da bai taɓa ba.

Bai lalata shi ba. Kiran yana aikinsa daidai, a kan wanda ya yi shi. Kamar mai gida ne da ya saba aiken yara a kan komai, ranar da ya yi niyyar ƙaura daga Rano zuwa Kibiya sai ya aiki yaro ya yi masa ƙaurar. Yaro ya je, ya sauka lafiya, aike ya cika. Mai gida yana nan zaune a zaurensa na Rano. 'Yar da shel ya haifa ita ke sauya mazauninta, ta gama, ta mutu, uwar ba ta gusa ba. Maganin da suka yi shi ne su cire wannan umarni daga sahun waɗanda ake aikawa, su dasa shi a jikin shel ɗin, ya riƙa yin kiran da kansa.

Wannan gyara na gaggawa shi ne doka har yau. Duk wanda ya buɗe baƙin allon umarni a Linux ko Mac ya buga cd, shel ne yake yin ƙaurar da ƙafarsa. Shi ya sa ɗalibi zai rubuta ɗan fayil na umarni mai cd a ciki, ya gudanar da shi, ya ga bai motsa ba, ya ɗauka kwamfutarsa ce ta lalace. Rikicin da ya ruɗa Thompson da Ritchie ne ya sake ruɗa shi. Abin dariya, ƙa'idojin POSIX sun sa wasu tsare-tsare, ciki har da macOS, suna ajiye wani shiri mai zaman kansa mai suna cd, wanda idan ka kira shi zai je inda ka ce, ya mutu a can, ya bar ka inda kake.

A ganina darajar wannan labari ba a kuskuren take ba, tana cikin shawarar da suka ƙi yankewa. Suna iya ba 'ya ikon sauya wa uwa mazauni, matsalar ta wuce a ranar. Ba su yi ba. Sun bar ƙa'idar cewa gado daga sama yake gangarowa, ba ya hawa, kuma babu shirin da zai tashi wani daga inda yake tsaye ba da saninsa ba.

Littafin jagora na farko na Unix yana ɗauke da kwanan wata 3 ga Nuwamba, 1971, shekarar da aka fara gina madatsar ruwa ta Tiga. Lokacin sun koma PDP-11, cikakken adireshi mai alamar / ya samu, kuma chdir shi ne kira mai lamba 12. Linux a kan kwamfutocin Intel masu bit 32 ya riƙe wannan lamba, FreeBSD da macOS ma haka. Gajeren sunan cd kuwa ya zama gama-gari ne da shel ɗin Stephen Bourne a Unix bugu na 7, a 1979.

Akwai wani abu a yadda cibiyar Unix ke riƙe mazauni da ya cancanci a tsaya a kansa. Ba suna take ajiyewa ba. Kowace folda tana da lambar shaida a faifai, kuma wannan shaidar cibiya ke riƙewa. Wanda ya karanta bugu na 6 na 1975, wanda John Lions na Jami'ar New South Wales ya yi wa sharhi layi-layi don ɗalibansa, zai ga chdir 'yan layuka ne: nemo abin da aka ambata, tabbatar folda ce, tabbatar mai kira yana da izinin shiga, saki tsohuwar, riƙe sabuwar. Saboda haka cibiyar ba ta san adireshin inda kake ba. Idan ka tambaya da umarnin pwd, shirin sai ya yi tattaki: kowace folda tana da ƙofa mai suna ɗigo biyu da ke kaiwa ga uwarta, sai ya hau, ya duba sunan da uwar ke kiran 'yarta da shi, ya sake hawa, har ya kai tushe, sannan ya jero sunayen daga sama. Sai a ƙarshen shekarun 1990 Linux ya samar da kiran da ke ba da amsar kai tsaye.

Mutanen Kibiya sun san wannan hali a aikace. Kafin Mayun 2019 suna ƙarƙashin Masarautar Kano. Dokar da gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta kawo ta mayar da su ƙarƙashin sabuwar Masarautar Rano. A Mayun 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta soke wannan doka, suka koma Kano. A Yulin shekarar aka sake kafa Rano a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Rano da Bunkure da Kibiya. Manomin da ke gonarsa bai ɗaga ƙafa ba, amma silsilar da ke samansa ta sauya sau uku cikin shekara biyar. Haka shirin da ke tsaye a folda yake: a sauya mata suna, a ɗauke ta a kai ƙarƙashin wata, yana nan ciki, kwatancensa duk suna aiki. Wanda ya haddace tsohon cikakken adireshi shi ne zai ɓata. Ke nan kowane daga cikin biyun akwai ranar da yake cin amanar mai shi.

Kuma tsayuwa a wuri riƙe shi ne. Muddin wani shiri yana tsaye a folda da ke kan filash, cibiya ba za ta yarda a sauke filash ɗin ba. Wannan na daga dalilan da ke sa Windows ta ce maka ana amfani da na'urar alhali ka rufe duk takardunka, ko ta hana ka goge foldar da babu komai a ciki. Shi ya sa tsofaffin masu rubuta shirye-shiryen Unix da ke kwana suna aiki a bayan fage suka mayar da shi al'ada, abu na farko da shiri zai yi idan ya tashi shi ne ya koma tushe ya tsaya, kada ya tare wa kowa hanya.

Microsoft ta zo wannan fage a makare. DOS na 1981 ba shi da folda cikin folda. Faifan lokacin ƙarami ne, mai gefe ɗaya ba ya ɗaukar fayil sama da 64. Da IBM ta fito da PC XT mai faifan megabait 10 a Maris 1983, MS-DOS 2.0 ya aro bishiyar Unix da umarnin CHDIR da CD. Sai dai alamar / ta riga ta sami wani aiki a DOS, don haka aka juya ta baya, kuma wannan ne asalin \ da ke cikin adireshin kowace kwamfutar ofis a yau. DOS ya kuma ba kowane faifai nasa mazaunin, ya sa mazaunin ya zama na kwamfutar gaba ɗaya, ta yadda shiri zai iya gamawa ya bar ka a wurin da ba kai ka kai kanka ba. Windows ta koma tsarin kowane shiri da nasa, amma allon umarninta yana kwaikwayon tsohuwar ɗabi'a har yanzu: kana kan C ka ce cd zuwa wata folda a D, ba za ka motsa ba sai ka ƙara /d.

Abin da kwatance ya ci

Umarnin gogewa a Unix ba ya tambayar ko ka tabbata. Idan ka haɗa shi da alamar tauraro, ma'anarsa ita ce goge duk abin da ke nan, kuma "nan" ɗin mazauni ne. A 1998, ana tsakiyar aikin fim ɗin Toy Story 2 a kamfanin Pixar, wani ya ba da wannan umarni yana tsaye a saman bishiyar aikin maimakon wani reshe nata. Ma'aikata suna kallo sassan 'yan wasan suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Kafin a kashe na'urar, kusan kashi 90 cikin 100 na fim ɗin ya tafi, sannan aka gano ajiyar ko-ta-kwana ta daɗe ba ta aiki yadda ya kamata. Abin da ya cece su shi ne Galyn Susman, ɗaya daga shugabannin sashen fasaha, wadda ta haihu tana aiki daga gida, tana da kwafi a kwamfutarta. A cikin barguna aka naɗo kwamfutar aka kawo ta ofis a mota. Daga baya ma shugabannin kamfanin suka ga labarin fim ɗin bai yi ba, suka sake gina mafi yawansa kafin fitowarsa a Nuwamban 1999, amma wannan da ganganci ne.

Na Janairun 2015 ya fi kusa da batunmu. Manhajar wasanni ta Steam, ta kamfanin Valve, tana da wani fayil na umarni a Linux da ke yin cd zuwa foldarta, ya tambayi inda yake, ya ajiye amsar, daga baya ya goge duk abin da ke ƙarƙashin wannan amsa idan ana son sabunta manhajar. Ba wanda ya tanadi abin da zai faru idan cd ɗin ya gaza. Wani mai amfani ya matsar da foldar zuwa wani faifai, amsar ta dawo babu komai, umarnin gogewa ya fara daga tushe. Duk fayil ɗin da mutumin ke da iko a kansa ya tafi, har da faifan ajiyarsa na waje mai terabait 3 da ke jone a lokacin. Kiran chdir yana dawo da amsa koyaushe, ko ya yi nasara ko ya gaza. Laifin na wanda bai tsaya ya saurari amsar ba ne.

Masu kutse ma sun daɗe da gane cewa shirin da ya amince da inda yake tsaye ana iya yi masa tarko a wurin. A Agustan 2010 Microsoft ta fitar da gargaɗi a kan wata ɓaraka da ta shafi gomman manhajojin Windows. Idan ka latsa takarda a filash ko a foldar da ake rabawa a ofis, manhajar da za ta buɗe ta takan tashi tana tsaye a wannan folda. Idan ta nemi wani ɓangare nata da kwatance ba ta same shi a wuraren farko ba, sai ta duba mazauni. Mai mugunta sai ya ajiye nasa fayil mai wannan suna kusa da takardar.

Mafi ban sha'awa shi ne labarin ɗan'uwan chdir, wato chroot, wanda ya bayyana a bugu na 7 a 1979, Bill Joy kuma ya shigar da shi BSD a 1982. Shi ba mazauni yake sauyawa ba, tushen yake sauyawa: a ce wa shiri wannan reshe shi ne farkon duniya, babu komai a samansa. Daga wannan tunani aka gina kurkukun shirye-shirye na FreeBSD a 2000, sannan Docker a 2013, wanda a cikin akwatunansa dubban kamfanoni ke gudanar da manhajojinsu a yau. Sai dai chroot ba ya tashin shiri daga inda yake tsaye. Idan ka zagaye gida da katanga alhali mutumin yana waje, ba ka tsare kowa ba. Wanda ya manta bai bi chroot da chdir ba ya gina kurkuku ya bar fursuna a bakin titi. Wannan an san shi shekaru da dama. Duk da haka, a ƙarshen Janairun 2024 kamfanin tsaro na Snyk ya bayyana wata ɓaraka a runc, injin da ke ƙarƙashin Docker, inda mai kutse zai iya tsara akwati ya tashi mazauninsa yana wajen katanga, ya taka har cikin fayilolin uwar na'ura. Daga cikin gyaran da aka yi har da duba cewa mazaunin yana cikin akwatin kafin a saki shirin.

Masu gina tsare-tsare sun fara ja da baya daga mazauni tun kafin nan. Shiri na zamani yakan yi ayyuka da yawa a lokaci guda a jiki ɗaya, kuma dukansu mazauni ɗaya suke rabawa. Idan wani sashe ya yi ƙaura yayin da wani yake shirin buɗe fayil, na biyun zai buɗe abin da bai nufa ba. Harshen Java bai ma ba da hanyar sauya mazauni ba. An kuma ƙirƙiro wasu kiraye, irin su openat, da ke ba shiri damar cewa nemo wannan suna daga waccan folda da nake riƙe da ita, ba tare da ya motsa ba; Linux ya karɓe su a 2006, POSIX a 2008.

A waya kuwa maganar ta kusa ɓacewa daga idon mutane. Android a kan cibiyar Linux yake, kiran chdir yana nan a cikin kowace Tecno da Itel mai Android da ke kasuwar Rano, kowace manhaja tana da mazauninta a takardar cibiya, amma mai wayar ba ya taɓa ganinsa. A Satumban 2021 jaridar The Verge ta buga rahoton malaman jami'a a Amurka da ke kukan cewa sababbin ɗalibansu ba su san mene ne folda ba; sun tashi ne da akwatin bincike, su buga suna abu ya fito. Ɗaliban injiniya da kimiyyar taurari ne, kuma kayan aikin fanninsu har yanzu suna tambayar a ina fayil yake.

Ƙanen nawa daga baya ya cire layin os.chdir, ya sa shirin ya riƙa gano foldar da shi kansa yake ajiye, ya gina cikakken adireshin maki.csv daga nan, ta yadda ko daga ina aka tayar da shi zai sami abinsa. Da ya koma Kibiya zai nuna wa malamin inda sakamakon yake sauka, malamin ya ce ya bar wannan, ya dai sa a riƙa turo masa ta WhatsApp.